A Riƙa Lura da Tafiyar Baba da Inna

A gidajenmu na Sakkwato, idan tsoho ya fara sallar jam'i a zaune, ko Inna ta daina zuwa barka da gaisuwar makoki, sai mu ce tsufa ne. Sau da yawa raunin jiki ne da ake iya ganowa da wuri, kuma a rage shi.

A 2001, likita Linda Fried da abokan aikinta a Amurka suka fitar da alamomi biyar na wannan rauni: ramewa ba dalili (kusan kilo 4.5 a shekara), yawan kasala, raunin damƙa, tafiyar hawainiya, da ƙarancin motsi. Wanda ya haɗa uku ya shiga rauni.

Akwai gwajin da za ku iya yi a tsakar gida. Baba ya zauna kan kujera, ya tashi, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna. Ku tsaya kusa da shi, ku duba agogon waya. Idan ya kai daƙiƙa 12, faɗuwa na iya samunsa. A ganina wannan ne ya fi muhimmanci, don karayar ƙugu na iya kwantar da tsoho har abada.

Don gane ramewa, ku duba wandon Baba ko zanen Inna, ko sun yi musu yawa. A zafin Afrilu da Mayu ku riƙa miƙa ruwa, domin tsoho ba ya saurin jin ƙishirwa. Ku ƙara wake, nono, ƙwai da kifi a abinci.

Idan kun ga alamun, ku kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, tare da duk magungunan da yake sha, har na gargajiya.