Darasin Kiwon Lafiya: Gyaɗa da Ciwon Sukari

Ciwon sukari ba ya kama mutum dare ɗaya. A hankali yake zuwa. Da fari sukarin da ke cikin jini yakan ɗan haura ƙa'ida, amma bai kai a ce ciwo ne ba. Mai irin wannan hali yana bakin ƙofar ciwon ne, bai shiga ba tukuna. Yawanci ba ya jin komai a jikinsa. Yana noma, yana zuwa kasuwa kamar kowa.

Yadda Ake Ganewa

Awon jini kaɗai ke nunawa. Akan je asibiti da safe kafin a ci komai. Ma'aikaci zai ɗauki ɗigon jini daga yatsa ya sa a na'ura. Idan lamba ta nuna 100 zuwa 125, mutum yana bakin ƙofa. Idan ta kai 126 ko fiye, aka sake awo wata rana ta nuna haka, ciwon ya kama. Wasu na'urorin ƙaramar lamba suke nunawa. A cikinsu bakin ƙofa shi ne 5.6 zuwa 6.9.

Wanda ya haura shekara 40, da mai ƙiba, da wanda wani daga iyayensa ke da ciwon, su ne suka fi bukatar awo. Ciwon sukari idan ya yi nisa yakan taɓa ido da ƙoda. Yakan hana miki warkewa, har ta kai ga yanke ƙafa.

Abin Taɓawa Tsakanin Abinci

Ranar kasuwa mutum yakan ji yunwa kafin azahar. Sai ya sayi biredi da lemon kwalba, ko fanke, ko alewa, ko shayi mai sukari da yawa. Waɗannan abubuwa suna narkewa da sauri a ciki. Nan da nan sai sukari ya cika jini. Jiki yana da wani sinadari mai suna insulin. Shi ke kwashe sukari daga jini ya kai shi cikin tsoka. A jikin wanda ke bakin ƙofa, wannan sinadari ba ya aiki sosai. Saboda haka sukarin yakan daɗe a jini yana ɓarna.

Gyaɗa ba haka take ba. Kusan rabinta mai ne. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma abin gina jiki ne, irin wanda ke cikin nama da wake. Sukarinta kaɗan ne. Tana narkewa a hankali, tana riƙe ciki, ba ta tayar da sukarin jini da sauri. Haka ƙuli-ƙuli, da riɗi, da 'ya'yan kashu. Ga shi kuma gyaɗa ba baƙuwa ba ce. Ƙasar da ta tara dalar gyaɗa a Kano har yau tana noma ta.

Ƙa'idoji Biyar

1. Canji ake yi, ba ƙari ba. A ajiye lemon kwalba da fanke, a ci gyaɗa a madadinsu. Wanda ya haɗa duka biyun bai rage komai ba.

2. Cikin tafin hannu ɗaya na ɓararriyar gyaɗa ya isa a rana. Mai gare ta da yawa. Yawan cinta yana kawo ƙiba, ƙiba kuwa ita ke tura mutum cikin ciwon.

3. A ci dafaffiya ko soyayya wadda ba a sa wa sukari ba. Kantun gyaɗa da kantun riɗi sukari ne ya ɗaure su. Wasu masu ƙuli-ƙuli ma suna zuba sukari, sai a tambaya kafin a saya. Mai hawan jini ya guji mai gishiri da yawa.

4. Kunun gyaɗa ba ya cikin wannan lissafi, domin akwai shinkafa da sukari a ciki. Aya ma ta fi gyaɗa zaƙi. Kunun aya mai dabino da sukari yana tayar da sukarin jini.

5. A zubar da gyaɗar da ta yi hunhuna, ko ta yamutse, ko take ɗaci. Akwai guba a cikinta mai lalata hanta, kuma suya ba ta kashe wannan guba. A shanya gyaɗa ta bushe sarai kafin a zuba a buhu. A ajiye buhun inda babu laima.

Wanda gyaɗa ke sa wa ƙaiƙayi, ko kumburin baki, ko sarƙewar numfashi, ya bar ta gaba ɗaya.

Gyaɗa Ba Magani Ba Ce

Gyaɗa ita kaɗai ba ta isa ba. A shekarar 2002 an bayyana sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka kan mutane fiye da 3,000 masu wannan hali. Waɗanda aka sa su rage ƙiba da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Minti 150 shi ne tafiyar rabin awa, kwana 5 a mako. Manomi ya fi bukatar tuna wannan da rani, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi, zama ya yi yawa.

A rage malmalar tuwo, a ƙara miyar ganye da wake. A koma awo sau ɗaya a shekara. Wanda likita ya ba magani kada ya daina sha don yana cin gyaɗa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Wace lamba ce ke nuna mutum yana bakin ƙofar ciwon sukari?
2. Gyaɗa nawa ta isa a rana?
3. Don me ake zubar da gyaɗa mai hunhuna?