Bincike Kafin Zuba Jari: Nasiha Ga 'Yan Kasuwar Ƙasar Gumel

Yayin da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, Turawan ƙungiyar auduga ta Ingila sun riga sun sakankance cewa taragu za su riƙa komawa kudu maƙare da auduga domin masaƙun ƙasarsu. Amma da yake ba su tsaya sun auna abin da masaƙan gida ke biyan manomi ba, balle su gwada shi da farashin gyaɗa, sai kakar 1912 ta zo da gyaɗa har tashar Kano ta rasa inda za ta jibge buhuna. Fataken goro, waɗanda ke da wakilai a ƙauyuka suna jin ta bakin manoma, su suka ci moriyar abin. Cinikin nan ne ya bi dogo da aka miƙa zuwa Nguru a 1930, ya raya tashoshi irin Gagarawa Tasha, inda nake aikin taimakon ƙungiyoyin gama kai da ƙananan 'yan kasuwa wajen tsara lissafinsu kafin su nemi rance.

A cikin wannan aiki, hujjar da aka fi kawo mini ita ce "an ce": an ce riɗi zai tashi, an ce masu sayen zoɓo za su zo daga Kano. Nakan roƙi mai maganar, ko da ya girme ni, da cewa, "Alhaji, a taimake ni da mas'alar tukuna." Domin farkon bincike shi ne mutum ya taƙaita abin da yake son sani har ya zama tambaya mai karɓar amsa. Wanda ya ce yana son ya san ko riɗi na da riba bai tambayi kome ba. Wanda kuwa ya ce, idan na saya da kaka na ajiye zuwa bazara, shin abin da zai ƙaru zai rufe kuɗin buhu, da dako, da hayar sito, da ramewar kaya, da la'adar dillali, wannan ya kama hanya.

Daga nan sai tantance labari, kuma a nan ba mu da bukatar aron hikima daga nesa, gama malaman hadisi sun daɗe da shimfiɗa ƙa'idar duba isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji, shin ya gani da idonsa, kuma mene ne halinsa. Farashin da ya zo ta bakin mutum guda, musamman dillalin da ke da amfani idan ka saya, bai wuce zato ba. Sai ya zo ta hanyoyi dabam-dabam waɗanda ba su haɗa baki ba, misali daga direban da ya sauke kaya a Dawanau, da mai awo a Gujungu, da manomin Sule Tankarkar, sa'an nan ya kusanci yaƙini. Mutum goma da suka ji daga waya ɗaya, ruwaya ɗaya ce. Akwai kuma abin da wasu suka riga suka tara, kamar rahoton farashin abinci da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa wata-wata, da bayanan malaman gona na hukumar JARDA; suna da amfani, sai dai matsakaicin farashin jiha ba shi ne farashin kasuwar garinku ba.

Mas'alar da ta fi wuya, wadda na fi ɓata lokaci a kanta, ita ce wa za a tambaya. Mai son kafa injin niƙa yakan tambayi abokan zamansa na majalisa, su kuwa saboda kunya da zumunci su ce masa Allah ya sa albarka, alhali matan da za su aiko da niƙan, waɗanda suka san nisan injin da ake zuwa yanzu da abin da ake biya a kan kowace tiya, ba wanda ya aika a ji ta bakinsu. Mai sayen riɗi ba ya yarda da saman buhu, sai ya soka sama da tsakiya da ƙasa. Haka ake zaɓen waɗanda za a tambaya, unguwa-unguwa, maza da mata, mai hali da marar hali. Kuma a tambayi mutum abin da ya saya makon jiya, domin abin da ya ce zai saya gobe alkawari ne kawai.

Sa'an nan a duba abin da ke iya faruwa daga nesa. Tarayyar Turai ta hana shigar waken Nijeriya a 2015 saboda yawan maganin ƙwari, Meziko kuma, babbar mai sayen zoɓonmu, ta taɓa dakatar da saye saboda ƙwaron da aka samu a kaya. An rufe iyakokin Nijeriya a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ta Maigatari ba sai Disamba na 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Duk wanda jarinsa ya rataya ga dabbobin da ke ƙetarowa, ko ga canjin sefa, wajibi ne lissafinsa ya ƙunshi tambayar: in aka rufe gobe fa? In amsar ta yi nauyi, a fara da kaɗan a gani.

Wasu sukan ce mini wannan ƙididdiga tana tauye tawakkali, ni kuwa ban ga haka ba, tun da malamanmu ba su raba istihara da shawara ba, kuma shari'a ta hana cinikin garari. Abin da nake roƙon mai karatu shi ne ya sayi littafi, ya fara daga kasuwar Maigatari ta Alhamis mai zuwa, ya rubuta farashin kayan sana'arsa, da canjin sefa na ranar, da wanda ya gaya masa, ya dawwama a kan haka har kaka ta zagayo.