Haɗa kiɗa da ƙarar kwamfuta: shawara ga matasan Zuru

Matasa da dama a Zuru na sha'awar haɗa kiɗa, amma kuɗin fiyano da na sitidiyo ya fi ƙarfin aljihu. Ɗan'uwa, in kana da kwamfuta mai Windows, ko da tsohuwa ce, kayan aikinka na farko suna cikinta.

Shiga C:\Windows\Media. A nan aka ajiye 'yan ƙarar da take yi in saƙo ya shigo ko ka yi kuskure, irin su ding, chimes da tada. Kada ka raina su. Sautin buɗe Windows 95 ma fitaccen makaɗin Ingila, Brian Eno, ne ya tsara shi.

Sai ka sauke OpenMPT; kyauta ce, kuma ba ta wahalar da kwamfuta. Tana cikin manhajojin da ake kira tiraka, waɗanda suka samo asali a 1987, lokacin da Bajamushe Karsten Obarski ya fitar da Ultimate Soundtracker don kwamfutar Amiga. A tiraka, kiɗa daga sama yake gangarowa, layi bayan layi. Loda ding, ka danna haruffan kibod, za ka ji kowane harafi ya ba shi wata murya, siririya ko mai kauri. Sauke muryar ƙasa sosai, ka datse jelarsa, sai ya koma kamar bugun ganga.

Ga inda nake so ka natsu. Manhajar takan buɗe maka layi 64, wanda aka yi wa kiɗa mai tafiya huɗu-huɗu. Da yawa daga kaɗe-kaɗenmu kuwa uku-uku suke takawa, shi ya sa mai koyo kan ji abin ya ƙi zama a kunne. Mayar da layukan 48, ka ji bambanci. In kuma kana son sautin ya yi magana irin ta kalangu sa'ad da aka matse tsarkiya, zaɓi tsarin fayil na IT a manhajar: umarnin F yana ɗaga murya, E yana sauke ta.

Riƙa adana aiki a kai a kai saboda ɗaukewar wuta.

Amma sautukan Windows ɗin nan mallakar Microsoft ne, na koyo ne, ba na kai wa kasuwa ba. In hannunka ya faɗa, jira bikin Uhola na al'ummar Lelna, ka je wurin makaɗansu da ladabi, ka nemi izini, ka ɗauki bugu ɗaya-ɗaya na kowace ganga da wayarka, nesa da hayaniyar taro. Ka tsabtace su da manhajar Audacity, ka loda a madadin ding, kuma ka ambaci sunan makaɗin duk inda waƙar ta je.