Yadda Baƙo Zai Kalli Hawa a Birnin Zazzau Ya Koma Masauki Kafin Abin Hawa Ya Ɗauke Ƙafa

Shiga birnin Zariya ranar hawa ba ta da wuya. Da hantsi masu Keke Napep ne ma ke rububinka tun daga PZ ko Kwangila, kowa na kiran "City! City!" Fitowar ce aiki. Da zarar Sarki ya karɓi jafi ya shiga gida, dubban mutanen da suka taru a Ƙofar Fada sai su ɓarke lokaci guda, kowa da yara a hannu, kowa na neman abin hawa, alhali masu abin hawan sun fara tunanin nasu gidajen. Ɗan gari ba ruwansa, lungu biyu zai ratsa ya ga zauren gidansu. Baƙon da ya sauka a Samaru ko Sabon Gari shi ne ke tsayawa a bakin titi yana ɗaga hannu har a kira isha'i.

Abubuwa uku ne ke rage lokacin abin hawa a wannan gari. Na farko doka. Na biyu dawakin kansu, domin hanyar da Sarki zai bi a kan tsare ta tun kafin ya fito. Na uku kuɗin mai: tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, mai keke ya daina yawon neman fasinja da dare a banza, in ya ga ciniki ya ja baya sai ya ajiye keken ya tafi gida. Ga yadda za ka tsara yininka da sanin waɗannan.

Mataki na 1: Tambayi dokar da ke ci a makon

Kada ka dogara da yadda ka bar garin bara. A ƙarshen watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Kaduna ta Malam Nasiru El-Rufa'i ta hana hawa babur baki ɗaya, na haya da na gida, na tsawon wata uku a karon farko, saboda matsalar tsaro. Keke kuma aka ce daga ƙarfe 6 na safe zuwa 7 na yamma kawai, kuma a cire labulayensa. Duba lissafin: a Zariya rana na faɗuwa ne tsakanin ƙarfe 6 da 7, gwargwadon lokacin shekara. Ma'ana, a wancan lokacin kana sallame magariba abin hawa ya ƙare. Kano ma ta yi irin tata a watan Yulin 2022, inda ta hana a-daidaita-sahu yawo daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A 2020 kuwa, lokacin kullen korona, hawan ma ba a yi ba.

Irin waɗannan dokoki suna zuwa suna tafiya, wani lokaci sanarwar kwana ɗaya ce. Saboda haka tun ana jajibiri ka kira mai masaukinka, ka saurari gidajen rediyon gari, ka ji sanarwar fada kan lokacin kowane hawa da kuma ta 'yan sanda kan zirga-zirga. Wanda ya fi kowa sanin gaskiyar lamarin dai shi ne mai keken da ya ɗauko ka daga tasha. Tambaye shi kai tsaye: "Malam, ƙarfe nawa kuke tashi kwanan nan?"

Mataki na 2: Zaɓi wurin kwana da tunanin dawowa

Otal-otal da gidajen saukar baƙi galibinsu a wajen ganuwa suke: GRA, Sabon Gari, Kongo, Samaru. Cikin birni gidajen gado ne, baƙo a wurin dangi ko aboki yake sauka. Tudun Wada da Kongo sun fi kusa da Ƙofar Doka, har mai ƙarfin ƙafa zai iya takawa in ta kama. Sabon Gari sai ka haye Kubanni. Samaru, inda babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello take, ta haura kilomita 10 daga birni, kuma sau da yawa sai ka canza abin hawa a hanya. Kowane canji da dare wata sabuwar jira ce.

In kana da gwaggo ko kawu a Kwarbai, Ƙaura ko Anguwar Juma, ajiye jin kunya ka ce za ka kwana. Tabarma a zauren dangi ta fi katifar otal ɗin da ba ka da hanyar isa gare ta.

Mataki na 3: Ƙulla da mai keke guda tun da safe

Nan ne gaba ɗaya dabarar take, don haka bari in daɗe a kai.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai keken da zai fitar da kai da dare, da safe ake neman sa, lokacin da fasinja bai yi masa yawa ba, yana da sararin sauraronka. Ya fi kyau mai masaukinka ya haɗa ka da wanda ya sani, ɗan unguwa wanda aka san gidansu. In ba haka ba, lura da wanda ya kawo ka: in tuƙinsa da natsuwa, bakinsa da ladabi, yi masa maganar shata.

Ku yanke abu huɗu kafin ka sauka. Kuɗin zuwa da dawowa a haɗe, a faɗe shi a fili, ka kuma sa rai zai fi na ranar da ba Sallah ba. Wannan ba zalunci ba ne, mutumin zai bar cinikin da ya fi kowane tsoka a shekara ya tsaya jiranka. Sai wurin haɗuwa. Sai lokaci. Sai lambar waya, wadda za ka kira nan take a gabansa ka ji ta yi ƙara, ka kuma rubuta lambar jikin keken.

Batun lokaci, kada ka ce masa "ƙarfe shida". Agogo ba ya aiki ranar hawa, domin Sarki ba ya duba naka kafin ya fito. Yi magana da lokutan salla, su ne kowa ke kiyayewa: "Da an sallame magariba ina nan." Wannan alkawari ne da ku biyun za ku ji kiransa a lasifika, ko da waya ta ƙi shiga.

Kada ka biya duka tun farko. Ba shi na zuwa, ka ɗora ɗan goron Sallah a kai, na dawowa kuma ya zauna a aljihunka. Na koyi wannan da kaina. Wata Ƙaramar Sallah na kai ƙanwar mahaifiyata da jikokinta uku kallo, na zuba wa wani matashi mai keke kuɗinsa cif tun da hantsi don in nuna ni mai yarda ne. Magariba ta yi, isha'i ta yi, wayarsa na ta ringi. Da ya ɗauka sai ya ce, "Yaya, wallahi ina Palladan da fasinja, ga ni nan zuwa." Inna ta dube ni ta ce, "Kai dai ɗan nan, wanda ya riga ya ci ladan ai ba ya gaggawar kiran salla." Bai zo ba. Wani dattijo mai a-kori-kura ne ya tausaya mana ya rage mana hanya zuwa Tudun Wada.

Mataki na 4: Sa wurin haɗuwa nesa da fada

Kuskuren yawancin baƙi shi ne cewa mai keke ya same su a Ƙofar Fada ko Babban Dodo. Ba zai iya ba. Lokacin da kake neman sa, wurin a cike yake da dawaki, dogarai da jama'a, jami'an kula da zirga-zirga na KASTLEA da 'yan sanda kuma na mayar da ababen hawa baya.

Birnin na da ƙofofi takwas da aka sani: Doka, Gayan, Kuyambana, Kibo wadda ake kira Tukur-Tukur, Jatau, Kona, Bai da Galadima. Ƙofar Doka ce babbar mashiga daga Tudun Wada, kowa ita ya sani, shi ya sa ta fi kowace cushewa. Wanda zai nufi hanyar Kaduna gara ya fita ta wajen Ƙofar Gayan ko Kuyambana. Mai zuwa Gyallesu ko Tudun Wada ya tambayi ɗan gari lungun da zai ɓulla da shi ba tare da ya bi babban titi ba. Ka zaɓi wata alama da ba ta motsi, masallaci ko gidan mai ko makaranta, wadda tafiyar minti goma sha biyar zuwa ashirin za ta kai ka daga fada. Ka taka hanyar sau ɗaya da rana. Lungunan birni da dare kamarsu ɗaya, musamman in an ɗauke wuta.

Mataki na 5: San wane hawa kake kallo

A Zazzau ana Hawan Sallah a ranar idi, Hawan Bariki washegari, sannan Hawan Daushe. Kowanne da irin matsalarsa. Ranar idi Sarki na dawowa fada daga filin idi, cunkoson na safe ne zuwa azahar, sai ka samu sararin fita da rana. Hawan Bariki ya samo asali ne daga gaisuwar da sarki ke kai wa Razdan a zamanin Turawa, don haka ayarin na fita wajen ganuwa, hanyar da ka saba bi zuwa masauki ita ce dawaki za su cika. A wannan rana wanda ya sauka a waje ma yana iya kallonsa daga bakin titi ba sai ya shiga birni ba. Daushe kuwa shi ne mai ja har yamma ta yi sosai, shi ne kuma ya fi tara 'yan kallo da kwalliyar hakimai. Mafi yawan waɗanda dare ke rutsawa da su, a Daushe ne.

Ka riƙe ruwan sha, da canji ƙanana, domin taransifa kan maƙale idan layin waya ya cushe, masu POS kuma suna tashi da wuri. Caja wayarka ta cika. A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah na faɗowa cikin zafin bazara, Babba kuma a bakin damina, lokacin da hadari ɗaya ya isa ya watsa masu keke gaba ɗaya. Yara kuma a rubuta lambar wayar babba a takarda a sa musu a aljihu.

Mataki na 6: Tashi kafin a tashi

Wannan shi ne mai ciwo, na sani. Ka zo tun daga Legas ko Maraɗi don ka ga Mai Martaba Ahmed Nuhu Bamalli, wanda ya hau gadon a watan Oktoban 2020 bayan rasuwar Alhaji Shehu Idris mai shekara 45 a kan mulki, ga kakaki na tashi, ga 'yan bindiga na barin wuta, ga lema na juyawa, sannan a ce ka kama hanya? Ra'ayina dai shi ne ka zaɓi ɗaya cikin biyu, kada ka tsaya a tsakiya. In da tsofaffi ko ƙananan yara a tare da kai, da ka ga Sarki ya iso an fara jafi, ka ja su ku fice yayin da idon kowa ke kan fage. Minti ashirin ɗin nan su ne bambancin samun keke a farashinsa da kokawa a kansa. In kuwa kai kaɗai ne ko da abokai, to ka zauna har a watse sarai. Yi magariba a cikin birni, ka nemi mai tsire ko mai shayi, ka bar turmutsutsun ya wuce. Amma wannan zaɓi na biyu sai in ka tabbatar babu dokar dare a makon, kuma mai kekenka ya yarda da lokacin.

Mafi muni shi ne fita tare da kowa. A lokacin ne mahaya ke komawa gidajen iyayen gidansu, wasu samari na sukuwa a titi, doki kuma bai san baƙo ba. Bi gefen bango, kada ka ratsa tsakanin dawaki da yaro a hannu.

Mataki na 7: In duk da haka ka rasa

Kada ka tsaya a wuri mai duhu kana jira. Koma inda haske da mutane suke, ƙofar masallaci ko teburin mai shayi, ka yi sallama ga dattijon da ka gani, ka gaya masa inda ka sauka. "Baba, baƙo ne ni, abin hawa ya ƙare mini." Zage-zagi ba sa barin baƙo a titi, ko a sa yaro ya raka ka bakin hanya, ko a kira ɗan unguwa mai keke, ko a shimfiɗa maka a zaure. Kira mai masaukinka ka faɗa masa sunan unguwar da kake, kada ka ce "ina cikin gari" kawai. Abin hawan da ba shi da lamba, ko wanda ka ga mutanen ciki ba su kwanta maka ba, bar shi ya wuce ko da shi ne na ƙarshe.

Wanda kuma ya yi niyyar kallon Daushe ya wuce Kaduna, Kano ko Funtuwa a daren, ya sake lissafi. Kaduna kusan kilomita 80 ce, Kano ta kusa ninka haka, motocin tasha kuma ba sa tashi sai sun cika, ga shi fasinja na ƙaranci bayan magariba. Ƙara kwana ɗaya a cikin tsarinka tun daga gida, ka gaya wa mai kekenka ya zo da asuba bayan an fito masallaci, lokacin da titin Ƙofar Doka ba kowa sai masu shara da kashin dawaki.