Amsoshin Tambayoyinku: Kayan Mamaci a Cikin Ɗaki

Tambayarmu ta yau ta fito daga Malama Hadiza a Funtuwa. Ta ce maigidanta ya rasu, ta fita takaba, amma kayansa sun cika ɗaki kuma ta kasa rabuwa da su. Yaya za ta yi?

To Malama Hadiza, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Da farko, a Musulunci kayan mamaci gado ne, gado kuwa haƙƙin magada ne. Sai an biya bashi, an cika wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. Ko hula ce, kada ki kyautar kafin rabo sai da yardarsu.

Bayan rabo, ki kasa rabonki uku: na ajiyewa, na sadaka, na zubarwa. Ki ajiye abu ɗaya ko biyu, kamar carbinsa ko Alƙur'anin da yake karatu da shi. Manyan riguna kuwa, gara mabuƙaci ya sa su da asu ya cinye su a akwati. Takardun gida da na banki, a adana su.

Kada ki yi gaggawa. Ki fara da akwati ɗaya, ki kira 'yar'uwa ta taya ki. Allah ya kai ladan gare shi.