DARASI: Rolls-Royce, Maƙeran Injin Jirgin Sama

Jirgin sama ba ya tashi sai da inji. Ɗaya daga cikin manyan maƙeran wannan inji shi ne kamfanin Rolls-Royce na ƙasar Ingila. Sunan mutum biyu ne aka haɗa.

Na farko Henry Royce. An haife shi a 1863. Ɗan talaka ne. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 9. Bai daɗe a makaranta ba. Ya yi tallan jarida. Ya yi aikin kai wasiƙun waya. Daga baya ya shiga koyon aiki a ma'aikatar jirgin ƙasa. Da rana aiki, da dare karatu. A 1884 shi da abokinsa suka buɗe ƙaramin shagon kayan lantarki a birnin Manchesta.

Na biyu Charles Rolls. Shi ɗan masu hali ne, dillalin motoci. Sun haɗu a 1904. Royce ya ƙera, Rolls ya sayar. A 1906 suka kafa kamfani. Rolls ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1910.

Da farko mota kawai suke yi. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya suka ƙera injin jirgi mai suna Eagle. A 1919 wani jirgi mai irin wannan inji guda biyu ya ƙetare tekun Atlantika bai sauka ko'ina ba. Ba a taɓa yin haka ba sai ran nan. Royce ya mutu a 1933. A Yaƙin Duniya na Biyu, injinsu Merlin ne ya ɗauki jiragen da suka kare Ingila.

Daga baya suka shiga ƙera injin jet. Ga yadda yake aiki. Yana zuƙar iska ta gaba. Ya matse ta. Ya gauraya ta da mai irin kananzir, ya kunna wuta. Iska mai zafi ta fita ta baya da ƙarfi, sai jirgi ya yi gaba.

A 1971 kamfanin ya karye. Kuɗin ƙera wani sabon inji, RB211, ya fi ƙarfinsa. Gwamnatin Ingila ta karɓe shi don kada dubban ma'aikata su rasa abinci. Aka gyara injin, ya sami kasuwa. A 1987 aka mayar da kamfanin hannun 'yan kasuwa.

Har Nijeriya aikinsu ya iso. Jiragen Fokker da tsohon kamfanin Nigeria Airways ya yi jigila da su, injin Rolls-Royce gare su.

Yaron da ya yi tallan jarida, yau sunansa na yawo a sararin sama. Da rarrafe yaro kan tashi.

TAMBAYOYI
1. Wace sana'a Royce ya yi yana yaro?
2. Yaya injin jet yake tura jirgi?
3. Me ya karya kamfanin a 1971?