Amsoshin Tambayoyinku: Zazzaɓin da Ke Cin Ƙofar Zuciya

TAMBAYA: Ƙanena ɗan shekara 19 yana da ciwon zuciya tun yana yaro. Yanzu mako uku ke nan zazzaɓi ya ƙi sakinsa, ya sha maganin maleriya da na taifot a banza. Likita ya ce wataƙila ƙwayar cuta ce ta kama ƙofar zuciyarsa. Me ke kawo haka, kuma yaya ake ganewa? Daga wata mai karatu a Gezawa.

AMSA: Malama, Allah Ya ba shi lafiya.

Zuciya tana da ƙofofi huɗu masu buɗewa da rufewa don kada jini ya koma baya. Idan ƙwayar cuta ta shiga jini, ƙofar da ta riga ta samu rauni take nema ta maƙale, ta taru, ta riƙa cinta.

A ƙasarmu, raunin yakan faro ne daga ciwon maƙogwaro na yara 'yan shekara 5 zuwa 15. Sau da yawa sai a kai yaro wurin wanzami a cire masa beli, alhali penisilin yake buƙata. In bai samu ba, wani lokaci bayan makonni sai gaɓoɓi su kumbura, bayan shekaru ƙofar zuciya ta lalace. Sauran waɗanda ke cikin haɗari su ne wanda aka haifa da nakasar zuciya, wanda aka sa wa ƙofar roba ko ta ƙarfe, mai wankin ƙoda, majinyacin da robar ƙarin ruwa ta daɗe a jijiyarsa, mai ruɓaɓɓen haƙori, da mai tsira wa kansa allurar maye.

Alamomin wannan cuta ta ƙofar zuciya su ne zazzaɓi mai nacewa, gumin dare, rama, kasala, haki da kumburin ƙafa. Wani lokaci ɓarɓashin cutar yakan ɓalle ya bi jini: in ya je ƙwaƙwalwa ya kawo shanyewar ɓarin jiki, in ya taɓa ƙoda a ga jini a fitsari.

Ana tabbatar da ita ta hanya biyu: a ɗebi jini, galibi sau uku, a raini ƙwayar a ɗakin gwaji, sannan a yi hoton zuciya na eko. A nan ne maganin kemis ke yin ɓarna, domin kafso ɗin da aka sha kafin gwaji yakan ɓoye ƙwayar ba tare da ya kashe ta ba.

Maganinta allura ce ta jijiya tsawon mako 4 zuwa 6, wani lokaci har da tiyata. In ba a yi ba, kisa take.

Saboda haka Malama, ku daina sayen magani. Ku nemi takardar turawa daga Babban Asibitin Gezawa zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ku tafi da kwalayen duk abin da ya sha, ku nuna wa likitan zuciya. Kada ku bari ya ƙara kwana a gida.